Ƙafa Uku a Gaban Kamiyo

Hannuna ya fara rawa. Ba na ɓoyewa, ba kuma na son a tausaya mini. In na ɗauki kofin shayi sai ya yi ta kaɗawa, in na ɗauki allura sai zare ya ƙi shiga. To wadda kofi ya gagare ta, ina ita ina riƙe akwatin hoto a hannu? Ƴaƴana suka ce in huta hakanan, yanzu kowa da salularsa, ko mai tallan ƙosai tana ɗaukar hoto. Na ce su huta su. Matan unguwarmu a Tanut har gobe ni suke kira ranar suna da ranar buki, don ni ba na yanke wa mutum kai, ba na karkata masa gida. Shi ya sa watan da ya wuce na sa babbar ƴata ta kai ni Damagaram in zaɓi sabuwar ƙafa-uku, abin nan da ake ɗora akwatin hoto a kai, wanda ƴan lakwal, wato ƴan boko, ke ce wa tirepiye. Tawa ta dā, ta itace, gara ta cinye ta a ɗakin ajiya a shekarun da nake taƙama da ƙarfin hannu.

Mai shagon ya gan ni tsohuwa, sai ya sauko mini da wata siririya, ya ɗaga ta da yatsa biyu. "Hajiya, ga daidai ke. Ko nauyin kaza ba ta yi." Na ce, "To kaza na ce maka zan ɗora a kai?" Na buɗe ƙafafun har ƙarshe, na dafa samanta na danna, sai ta lanƙwashe kamar karan da aka jiƙa. Na kama kan na murɗa hagu da dama, ƙafafun suka bi ni suna ƙara. Na ce ya mayar. Ya kawo wata mai kai irin na ƙwallo, yana yabonta wai ko'ina take juyawa. Na sassauta ƙusar kaɗan, sai kan ya faɗi gefe kamar wuyan jariri. Na ce, "Ɗana, wannan ta mai hannu biyu lafiyayyu ce. Ni ina son kai mai mariƙi, wanda in na ce dubi hagu ya dubi hagu bai sunkuya ba, in na ce sunkuya ya sunkuya bai karkace ba." Sai da ya shiga can ciki ya jawo wata mai kauri wadda ba wanda ya tambaya tun da aka kawo ta, mai ƙugiya a ƙarƙashin kai inda ake rataya nauyi. Na ɗora akwatina, na ɗaure, na leƙa, na ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da farce. Abin da nake gani a ciki bai motsa ba. Na ce ita ce. Ƴata ta ce, "Inna, wa zai riƙa ɗaukar miki wannan uban nauyi?" Na ce, "Wa ya ɗaukar mini lokacin da nake goye da ke?"

A mota muna komawa, ƙarfen yana bisa cinyata, sai na tarar ba hanyar nake kallo ba. Gidanmu na ƙauye nake gani, can tsakanin Gangara da Tanut, inda ubana yake sassaƙa. Mu sautin gizago ne yake tashe mu, kafin zakara ya gama. Daga nan sai kukan itacen rijiya in jaki ya ja guga, wani dogon kuka kamar na tsohuwar ƙofa, sai lugude daga gidan maƙwabta, sai raƙuman Buzaye suna gurnani a bakin kasuwa ana sauke musu kaya. Aikina shi ne share ɓawon itace in kai wa Inna murhu, in ɗebo ruwa, in riƙe wa Baba gungume da ƙafa yana fafe turmi. Yanzu in na gaya wa jikokina cewa mutum na iya gane wane itace ake sara daga jin ƙararsa kawai, sai su dube ni kamar na ce na taɓa hawan gajimare. Aduwa tana amsawa da ƙarfi, gawo kuwa da taushi yake amsawa. Su abin da suka sani shi ne ƙarar babur da ta injin niƙa.

Wata ranar kasuwa wani mai hoto daga Tanut ya shigo gidanmu da ƙafa-uku a kafaɗa, ɗaya ta karye, raƙumi ya taka. Ya ce a yi masa guda. Baba ya juya ta ya duba, ya ce shi ba ya yin ƙafa ɗaya. Itacen ba iri ɗaya ba ne, nauyin ba zai zo ɗaya ba, in damina ta zo wata za ta kumbura ta bar wata. Ko dai duka uku daga gungume ɗaya, ko ya ɗauki abinsa. Mai hoto ya yarda. Baba ya sassaƙa su da aduwa, ya sa wa kowace bakin ƙarfe mai tsini daga maƙera, ya yi musu kai kamar faifai da ƙusa mai murɗi a tsakiya wadda take shiga gindin akwati. Ni na goge su da man shanu har suka yi sheƙi. Mai hoto ya zo duba aiki sau uku, alhali aikin kwana biyu ne. Baba ya ce, "Wannan mutum ba ƙafar itace yake bi ba." Ni ma na sani, kuma ban ɓuya ba. Zuwansa na huɗu da goro ya zo.

Haka na zama matar mai hoto. Akwatin Malam, mijin nawa, ba irin na yanzu ba ne. Babban akwatin katako ne, da ido a gaba mai murfi, da ƙofa a baya inda ake leƙawa, da baƙin hannun riga a gefe inda ake zura hannu ciki. A cikinsa akwai gwangwanin takarda wadda ba a yarda haske ya taɓa ta ba, da ƴan tasoshi biyu na magani. Mutum ya zauna, a cire murfin ido, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, a mayar. A wanke takardar a ciki da lalube. Ta farko takan fito a juye, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai a manna ta a wani ɗan allo gaban ido a sake ɗauka, sannan hoto na gaskiya ya fito. Takarda biyu ke nan ga kowane mutum. A cikin ƙirgar nan ta uku in akwati ya motsa ko da kaurin gashi ne, fuska ta zama hayaƙi. Na iya haɗa magani, na iya wanki, na iya leƙawa in daidaita fuska. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba, kafa ƙafafun. A kowace kasuwa Malam yana da wurinsa a kan fako, inda bakin ƙarfen ya riga ya ci ramuka uku. Zuwa kawai yake ya zura su. Ni kuwa na ɗauka haka abin yake, ka buɗe ka ajiye.

Sai shekarar nan ta zo da ruwa ya ƙi. Ba sai na faɗa wa ɗan ƙasarmu ta Damargu wace shekara ba ce. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, shanu suka riƙa kwanciya a bakin rijiya ba su tashi. Gwamnati ta fara rabon hatsi, amma sai mai kati, kati kuwa sai da hoto. Aka aiko wa Malam cewa a wata rijiya bayan Balbeji akwai matan Fulani takwas da ƴaƴansu, mazan sun yi kudu da sauran dabbobi, ba ko ɗaya mai kati. Kamiyon rabo, babbar motar da ke kawo hatsin, zai tsaya can yini ɗaya tak. In ya wuce, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Malam kuwa yana kwance da kurkunu a ƙafa biyu, ko bayan gida sai an riƙe shi. Ya ce, "Ba yadda za a yi." Na ce, "Akwai. Ba ni akwatin." Ya nuna mini inda yake. Sannan ya ce takarda goma sha shida ce ta rage, daidai mutum takwas, ba ta kuskure. Na goya ƴata, na ɗaura akwati a jaki, na saɓa ƙafa-uku, na bi wasu fatake.

Na isa da hantsi. Kamiyon yana ƙarƙashin wata bagaruwa, komi, wato ma'aikacin da ke rubuta kati, yana zaune a teburi da layin mutane gabansa. Ya ce mini da la'asar za su tashi. Matan suna can gefe bisa wani tudun rairayi, sun kafa ƴan bukkoki. Babbarsu wata tsohuwa ce doguwa, wuyanta duk jijiya, idonta kamar na shaho. Ta ce, "Ƴar Haɓe, ke ce mai kama fuska? Ina mijin?" Na ce, "Inna, mijin na kwance. Fuskar ce dai kuke so a kama, ko gemu kuke nema?" Ta yi dariya har ta tafa. Mutanen nan ba su da abin da za su ba baƙo, ko nonon da za a jiƙa maƙoshi babu. Abin da ya rage musu na karamci shi ne babbar tabarma guda, sai suka shimfiɗa mini ita. Na tashi zan ajiye ƙafa-uku a ƙasa, tsohuwa ta ce a'a, kayan baƙo mai daraja ba ya zama a rairayi ana kallo, a hau da shi tabarma. Ni ma a gidanmu haka aka koya mini. Na ji daɗi ma, na ce ga mutanen da suka san girman sana'a. Na kafa ƙafafun a wannan bakin tabarma, na zaunar da mace ta farko a wancan bakin.

Na ɗauka, na wanke, na mayar, hoto ya fito da hanci biyu. Na ce mata, "Ke, ba a ce ki tsaya cik ba?" Ta rantse ba ta motsa ba. Na kira ta biyu, ita kuma ido huɗu. Na fara faɗa. Na ce yunwa ce ke kaɗa su, na ce su riƙe numfashi, na sa aka dafa wa ta uku kafaɗa ta baya. Duk banza. Ta huɗu ma haka. Allah ya yafe mini abin da na gaya wa bayin Allah nan a ranar, don bakina tun ina yarinya ba shi da linzami. Rabin takarda ya tafi, rana ta take tsaka, ba ni da hoto ko ɗaya. Na sa ido a ƙofar baya ina leƙe, ba don komai ba sai don kada su ga fuskata. Daidai nan tsohuwa ta gyara zama a gefen tabarma, sai na ga duniyar da ke cikin akwati ta yi tsalle. Wani yaro ya taka tabarmar ya wuce, ta sake tsalle. Ashe tabarma a kan rairayi ba ta zaune, shawagi take. Duk wanda ya numfasa a kanta sai ta ja ƙafafun. Matan nan ba su motsa ba, ni ce na ɗora akwati a kan abin da ke motsi.

Na ce, "Inna, a naɗe tabarmar nan." Ta ce, "Mun yi laifi ne?" Na ce, "Ni na yi. Ku yafe mini zagin da na yi muku, amma a naɗe." Na durƙusa na tona rairayi da hannu har na kai inda ya yi sanyi ya cije, rami uku, na buɗe ƙafafun sosai, ɗaya tana duban inda za a zauna, biyu a gefena don kada in yi tuntuɓe da su. Na taka kowace da dunduniya har ta daina shiga. Na karɓi salkarsu da sauran ruwa a ciki na rataya a tsakiya ƙarƙashin kai, nauyin ya ja komai ƙasa. Sai na lura kan ma yana ɗan gyaɗawa, ƙusar ta sassauta da tafiyar jaki. Na yanki fata daga takalmina na cusa tsakanin faifan da gindin akwati, na murɗa har yatsana ya yi fari. Na ce wa tsohuwa ta yi tsalle kusa da ni. Ta ce, "Ƴar nan, da girmana?" Amma ta yi. Na leƙa, ko gezau.

Saura takarda takwas, mata takwas, kowa kuma biyu take bukata. Na ja wurin zaman baya kaɗan, na zaunar da su bibbiyu kafaɗa da kafaɗa, in ya fito in raba da almakashi. Na haɗa su yadda tsayinsu ya zo, ban tambayi wace ce wace ba. Hotuna suka fito tas, har zanen fuskarsu ana gani. Na kwance kayana, muka gangara wurin komi ana kiran la'asar, takardun ko gama bushewa ba su yi ba. Ya ce in rubuta sunan kowace a bayan hotonta. Na tsaya da alƙalami a hannu kamar an ba ni maciji. Ya ce, "Madam, kina aikin Nasara ba ki iya rubutu ba?" Mutane suka yi dariya. Na ce, "Kai da ka iya, rubuta, ni in faɗa." Wannan dariyar ce ta kai ni ajin manya daga baya, da furfura a kaina, ina zaune ina haɗa baƙi da wasali har na iya abin da kuke karantawa yanzu. Amma a ranar ba ta kaina nake ba.

Ya buga tampo, wato hatimi, a kati bakwai. Da ya zo na takwas sai ya ture shi gefe. "Wannan ba fuska. Goshi ne da ɗankwali." Na duba, gaskiyarsa. Wata ƙaramar mai jego ce, jaririnta ko wata biyu bai yi ba, ta sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji. Na juya zan fara faɗa, sai wata ta raɗa mini cewa matar ɗan tsohuwa ce. Ni da hannuna na zaunar da ita jikin surukarta, na ce ta ɗaga ido ta dubi gaba. Bafillatana ko za a yanka ta ba ta yin haka. Komi ya fara haɗa takardunsa, aka ɗora teburi a mota, direba ya tada inji. Na ce a ba ta hatsin hakanan, ga ta ga jaririn, ido na gani. Ya ce shi ba ido yake kai wa ofis ba, kati yake kaiwa.

Na zura hannu cikin akwati ina laluben gwangwani, ban ma san abin da nake nema ba. A can ƙasa na ji wani ɗan ƙyalle na takarda, irin gefen da Malam yake ragewa don gwada magani, faɗinsa bai fi yatsa biyu ba. Na yage shi biyu a ciki. Na ce wa matan su ɗauke tsohuwa su kai ta bayan bukka, kada ta leƙo. Tsohuwa ta tafi da kanta tana cewa, "Ni dai ban ga kowa ba, ban san kowa ba." Ba lokacin komawa tudu in sake tona rami. Na duba ko'ina, wuri mai tauri ɗaya ne a wajen, hanyar da tayoyin mota suka daddanne. Na saɓi ƙafa-uku da akwati da salka, na je na kafa su a tsakiyar hanya, taku biyar daga hancin kamiyo. Na zaunar da yarinyar a kan juyayyen turmi.

Direba ya danna oda. Ya leƙo ya ce, "Ke baiwar Allah, kin haukace? Kauce!" Na dafa ƙafa ɗaya, na ji tana ɓari a tafina, ƙugin injin yana bin ƙasa yana hawowa. Na ce, "Kashe motar." Ya ce, "Me?" Na ce, "Kashe ta, ƙasa na rawa. Ko ka kashe in gama yanzu, ko ka bar ta mu kwana nan, don ni ba inda za ni." Komi ya ce zai haɗa ni da jandarma. Na ce ya kira su, su ma in suna son hoto su bi layi. Mutanen da suka karɓi rabonsu suka fara taruwa, suka zo suka tsaya a bayana. Direba ya dubi komi, komi ya dubi agogonsa. Sai inji ya mutu.

Shiru ya sauka har ina jin jaririn yana tsotso. Rana ta yi sanyi, na san ƙirga uku ba za ta isa ba, sai shida. Na je na durƙusa gaban yarinyar, na ce, "Ƙanwata, ba kowa nan sai ni. Dubi wannan idon kamar kina hango shanunku sun dawo." Ta ɗago a hankali. Na koma gefen akwati, ban taɓa shi ba, na cire murfi da yatsa biyu, na ƙirga shida, na mayar. Na wanke, na manna, na sake ɗauka, na sake wankewa, hannuna a cikin baƙin hannun rigar nan yana lalube, ƴata a bayana tana kuka ban ko jijjiga ta ba. Na fito da shi yana ɗiga, ɗan ƙarami kamar farcen babban yatsa biyu a haɗe. Ido biyu, hanci ɗaya, baki ɗaya.

Komi ya karɓa daga tagar mota, ya kai kusa da fuskarsa, ya dubi yarinyar, ya sake duban hoton. Ya ce, "Ya yi ƙanƙanta." Na ce, "Ita ce ko ba ita ba ce?" Ya ɗora katin a gwiwarsa, ya hura wa tampo iska, ya buga. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa masu lodi, "Ku sauke buhu ɗaya."